Dillalin Ƙaura da Tsakuwar Ƙoda

A Ƙauran Namoda, can bayan tashar jirgin ƙasa, akwai wani dattijo dillalin hatsi wanda ya ba shekara sittin baya. Ubansa ɗan kamashon gyaɗa ne, ya zo garin bayan da hanyar dogo ta iso daga Zariya a 1929, sa'ad da Ƙaura ta zama maƙurar layi, inda gyaɗa da audugar ƙasar Zamfara su ke taruwa. Shi kuwa ɗan ya gaji awo da ciniki, kowace Alhamis yana Shinkafi cin kasuwa.

Wata Alhamis cikin bazara, rana ta take tsaka, yana cikin ƙidayar buhuna, sai wani ciwo ya soke shi a kwiɓi kamar an caka masa mashi. Ciwon ya gangaro mara, ya kasa zama, ya kasa tsayuwa, sai amai. Fitsarinsa ya juya ja. Kwana uku yana murƙususu, a na huɗu ya fitar da wata 'yar tsakuwa wadda ba ta fi ƙwayar dawa ba. Ya wanke ta, ya ƙunshe a takarda, ya sa aljihu, kowa ya zo gaisuwa sai ya nuna masa, yana mamakin yadda abu ƙanƙane haka ya kayar da ƙato.

Maras lafiya ba ya rasa malamai. Cikin masu gaisuwa wani ya ce ya ji daga bakin masu ilmi, wai tsakuwar nan da wani sinadari a ke gina ta mai suna kalsiyam, kuma ba inda ya fi yawa kamar nono. Saboda haka in yana son zaman lafiya ya bar nono. Maganar ta shiga kunne. Kada kuwa mai karatu ya yi wa mutumin nan dariya, gama likitoci da kansu sun yi shekaru da yawa suna ba da wannan shawara. Dattijo ya yi ban kwana da ƙwaryar nono, ya koma dama fura da ruwa zalla. Wanda ya san Bazamfare da fura ya san ba ƙaramin abu ya sadaukar ba.

Bayan shekara biyu tsakuwa ta komo, ba ta ko yi sallama ba. Da damina kuma santsi ya ɗebe shi a bakin rijiya, ya dafa ƙasa, wuyan hannu ya karye, faɗuwar da ko yaro ba zai yi wa kuka ba. Aka kai shi Zurmi gidan yayarsa, inda a ke da wani maɗori. Ɗan yayar nan tasa malamin asibiti ne. Da ya ji yadda aka yi karayar sai ya kawo kwalbar ƙwayoyi farare, ya durƙusa, ya ce, "Kawu, ƙashin nan ya yi sanyi. Ga kalsiyam, a riƙa sha."

Dattijo ya dube shi, ya ce, "Ashe! Ni da na bar nono shekara uku don gudun abin nan, yau ka kawo mini shi cikin kwalba? Yaya, kin ji ɗanki?"

Tsohuwa ta ce, "Na ji shi, Malam. Ni dai abin da na gani, ka bar nonon, tsakuwar ba ta bar ka ba."

Ya rasa amsa. In ya sha yana tsoron ƙoda, in ya bari yana tsoron ƙashi, ga iyali goma sha suna ci daga hannun nan da ya karye. Yaron bai yi gardama da kawunsa ba. Da aka kwance ɗori sai ya ɗauke shi zuwa Gusau wurin likita, da tsakuwar cikin takardarta.

Likita ya sa aka auna jini da fitsari, aka duba tsakuwar, domin ba dukan tsakuwoyi ne iri ɗaya ba, kuma akwai waɗanda kalsiyam ya riga ya yi wa jininsu yawa, su ƙwayar nan ba tasu ba ce. Ta dattijo ta fito irin wadda ta fi yawa a duniya, watau haɗin kalsiyam da wani sinadari mai suna okzalet. Shi okzalet ɗin nan cikin abinci ya ke, ya yi yawa a alayyafo da gyaɗa da ganyen shayi. In ya gamu da kalsiyam tun a hanji sai su ƙulle juna, su fita tare ta bayan gida, ba wanda ya ji labari. In kuwa ya tarar da hanji ba kalsiyam, sai ya ratsa cikin jini ya isa ƙoda shi kaɗai, can ya gamu da kalsiyam ɗin da ba a rasa shi a fitsari, su yi ginin da su ka saba. Jiki kuma ba ya yarda jini ya rasa kalsiyam. In bai samu daga akushi ba sai ya ranta daga ƙashi, rancen da ba a cika biya ba. Watau dattijo ya yi asara biyu da kuɗi ɗaya.

Ba da ka aka gano wannan ba. A 1993 malaman Jami'ar Habad ta Amurka su ka bayyana binciken da su ka yi kan maza fiye da 45,000, su ka ga masu samun kalsiyam da yawa cikin abinci sun fi tsira daga tsakuwa. A 2002 kuma likitocin birnin Farma na Italiya su ka ba da labarin maza 120 masu fama da ita, waɗanda aka raba biyu, aka bi su shekara biyar. Cikin 60 da aka rage wa kalsiyam, 23 ta komo musu. Cikin 60 da aka bar wa kalsiyam aka rage musu gishiri da nama, 12 kaɗai.

To, amma ƙwaya ba nono ba ce, nan ne tsoron dattijo ya ke da gaskiyarsa. A 2006 an bayyana wani babban gwaji a Amurka kan mata manya fiye da 36,000. Waɗanda aka ba ƙwayar kalsiyam da bitamin D kullum, tsakuwa ta ƙaru a cikinsu da kashi 17 bisa ɗari. Abin da masana su ka fi zargi shi ne yawan abin da a ke haɗiya, da kuma lokacin sha. Mai haɗiye ƙwaya da sassafe ko da kwanciya, ciki wayam, ya aika da kalsiyam inda ba okzalet ɗin da zai kama.

Likita ya ce, "Baba, da nono zai samu kullum, da ban rubuta maka kome ba." Babban mutum yana bukatar miligiram 1,000 zuwa 1,200 a yini, kofi guda na madara kuwa yana ba da wajen 300, miyar kuka da zogale da ƙananan kifi da a ke ci da ƙayarsu suna ƙarawa. Kanwa dai, ko da ya ke fara ce, ba ta cikin lissafi. Sai dai nono ya zama abin nema a ƙasar nan. Tun da fitinar 'yan bindiga ta tsananta a dazuzzukan Zurmi da Shinkafi rugage da yawa sun tashi, ƙwaryar da a da a ke kawowa har ƙofar gida ta yi wuya, ta yi tsada. Saboda haka aka tsaya kan ƙwaya, don cike giɓi kawai.

Ya karɓi kwalbar yaron, ya juya bayanta. Irin da a ke kira kabonet ce, mai araha, wadda ta fi yawa a kantunan magani. An rubuta 1,250 a jiki, amma ainihin kalsiyam ɗin ciki 500 ne, sauran nauyin abokin haɗi ne. Dillali ya gane wannan nan da nan, don ya san bambancin nauyin buhu da nauyin hatsi. Likita ya ce ga mai tsakuwa an fi son irin da a ke kira sitiret, domin sinadarin da aka haɗa ta da shi, wanda ya ke cikin lemun tsami, yana hana tsakuwa ƙulluwa a fitsari. Ta fi tsada, ba kuwa ko'ina a ke samunta ba. In ba ta samu ba kabonet ma ta yi, muddin an kiyaye sharaɗi: kada ta wuce 500 a sha ɗaya, kuma a haɗiye ta tsakiyar cin abinci. Ya hana shi manyan ƙwayoyin bitamin C, gama jiki yana juya rararsu okzalet. Ya ce a sassauta gishiri da dunƙule a miya, don gishiri yana tura kalsiyam cikin fitsari.

Duk wannan bai yi wa dattijo nauyi ba. Abin da ya gagara shi ne ruwa. An ce ya sha har fitsarinsa ya kai lita biyu da rabi a yini, ya fito fari kamar ruwan randa. Shi kuwa shekara arba'in ke nan ranar kasuwa ba ya shan ruwa sai la'asar, don kada ya bar buhunansa ya tafi neman wurin kewayawa, don kuma alwalarsa ta safe ta kai shi azahar. Da aka tambaye shi sai ya tuna, duk sau biyun nan cikin bazara ciwon ya kama shi.

Ya koma Ƙaura. Uwargida ta ɗauki ƙwayar ta ajiye a kan faifan tuwon dare, don kada a manta, ta kuma sami wata Bafillatana da ta yi gudun hijira zuwa cikin gari da 'yan shanunta, su ka shirya nono ran Litinin da ran Jumma'a. Ran Alhamis kuwa, in hanya ta yi kyau, yakan tafi Shinkafi da jarka da jikansa guda. Aikin yaron biyu ne: ya miƙa wa kakansa moɗa kowace sa'a, ya kuma tsare buhuna in tsoho ya kewaya. Takardar nan tana nan a aljihu, tsakuwa biyu ke ciki.