Ranar Da Na Share Sunan Inna

 Labarina a kan share sunayen mutane ne daga waya, abin da kowacce cikinmu take yi da ɗan yatsa ɗaya ba tare da ta tsaya tunani ba. Ni dai sai da ya sa ni kuka sau biyu, ya kuma sa na ji kunyar da har yau in na tuna sai na rufe fuska.

Ni 'yar Gafasa ce ta ƙaramar hukumar Ajingi. A shekarar 2022 da na gama sakandare, Yayana da ke harkar hatsi a kasuwar Dawanau ya ba ni kyautar babbar wayar nan mai faɗi kamar allon karatu, wadda ake kira tab. Tasa ce da yake amfani da ita, da ya sayi sabuwar waya sai ya miƙo min ita yadda take, na sa layina a ciki na ci gaba da harkokina. Kullum da safe sai na aika ƙanena ya kai ta wurin mai caji, da la'asar ya karɓo. Duk ƙawayena babu mai irinta, don haka ba ƙaramin ji da ita nake yi ba.

Da kakar 2023 aka sa min rana. Wata ƙawata da ta riga ni aure ta ja ni gefe ta ce, "Ke, kafin ki shiga gidan mutum ki wanke wayarki tas. Namiji zai iya yafe miki gishiri ya yi yawa a miya, amma ba zai manta sunan wani ƙato da ya gani a wayarki ba." Muka yi dariya, amma maganar ta zauna min. Daren nan bayan sallar isha'i na shimfiɗa tabarma a tsakar gida na buɗe wurin sunaye. Sun haura 600! Ni da ko mutanen unguwarmu ban gama sani ba, ina na samo mutum 600?

Na fara da nawa. Allah Sarki ƙuruciya. Akwai "Kada Ki Ɗauka", akwai "Mai Naci", akwai "Mai Naci 2" saboda ya canza layi, akwai wani da na rubuta wa "Sanyin Idona" wanda ko gaisawa ba ma yi yanzu. Ƙawata guda ɗaya sunanta ya fito sau 4. Duk na bi na share. Daga nan sai na shiga waɗanda ban sani ba: "Direban Riɗi", "Mai Awo Maigatari", "Dillalin Wake", "Alhaji Bashi", "Ɗan Dako Babba", da ire-irensu birjik. Na ce a raina ai tarkacen Yaya ne da ya bari, tunda yana da su a sabuwar wayarsa me zan yi da su? Na zaɓe su gaba ɗaya na danna. Tab ɗin ta tambaye ni ko na tabbata, na ce na tabbata. Na kwanta ina jin kaina sakayau kamar wadda ta share ɗaki ta yi turaren wuta.

Suna ɗaya ne na zo kansa yatsana ya ƙi motsi. "Inna." Mahaifiyarmu ta rasu a 2021. Na tsallake shi, zan dawo kansa.

Bayan sati uku Yaya ya zo gida don maganar kayan ɗaki. Duk ya faɗa, ga shi ba fara'a. Ina kawo masa ruwa na ji yana gaya wa Baba cewa wata masifa ce ta same shi, ya wayi gari kawai sunayen abokan cinikinsa sun ɓace daga wayarsa, a tsakiyar kaka, lokacin da kowa ke neman kaya. Ya ce akwai direban da ya ɗauko masa riɗi sai da ya kwana biyu yana neman lambarsa, akwai mutanen da yake bi bashi da ba shi da wata hanyar samunsu sai ta waya, wani yaro kuma ya duba masa ya ce wai cuta ce ta shiga wayar. Yana cewa "riɗi" gabana ya yanke ya faɗi ras. Kofin da ke hannuna ya kusa suɓucewa. Na koma ɗaki jikina na rawa.

Ranar ban runtsa ba. Zuciya ɗaya ta ce ki yi shiru, wa ya gan ki? Ɗayar ta ce kuɗin gadonki da katifarki daga cikin wannan cinikin za su fito. Da asuba bayan ya dawo daga masallaci na durƙusa a gabansa ina hawaye na ce, "Yaya, don Allah ka yafe min, ina jin ni ce." Ya dube ni ya ce, "Ke ce me? Ke da kike Gafasa, wayar tana aljihuna a Kano?" Na gaya masa duk abin da na yi. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Ɗauko mayafinki, ki ɗauko tab ɗin."

Muka fita Gaya, muka bi ta Wudil muka shiga Kano, bai yi min magana ba har muka isa kasuwar waya ta Farm Centre. Wani mai gyara da ya sani ya karɓi wayoyin biyu ya jera su, ya ɗan latsa, sai ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, babu wata cuta. Ƙanwata, matso ki gani, don gobe."

Abin da ya koya min shi ne nake so ku riƙe. Sunan da kika ajiye a waya, wuri uku yake iya zama. Ko dai a cikin layin kansa, wato sim, wanda ba ya ɗaukar da yawa, galibi wajen 250 ne. Ko a cikin ƙwaƙwalwar wayar. Ko kuma a cikin asusun Google, wato adireshin Gmail ɗin da aka buɗe wayar da shi. Na ukun nan shi ne mai daɗi kuma shi ne mai hatsari. Daɗinsa, ko wayarki ta faɗa rijiya, kina sa adireshin a wata sunayenki za su dawo. Hatsarinsa, duk wayoyin da ke ɗauke da adireshi ɗaya tamkar ɗakuna biyu ne masu rumbu ɗaya, in kin ɗebe hatsi ta wannan ƙofar, mai ɗaya ƙofar ma ya rasa. Yaya da ya ba ni tab ɗin bai cire adireshinsa ba, ni kuma ban san ma akwai shi ba. Ina sharewa a Gafasa, suna ɓacewa a Dawanau.

Ya tambaye ni yau kwana nawa. Na lissafa na ce 23. Ya ce, "Kin auna arziki." Ashe sunan da aka share daga asusun Google ba ya tafiya nan take, akwai kwandon shara da yake zama a ciki har kwana 30, bayan nan ne yake tafiya gaba ɗaya. Da na bi zuciyar da ta ce in yi shiru na ƙara sati guda, shi ke nan. Wanda yake kan sim kuwa, in an share ya tafi, babu kwando.

Ya buɗe kwandon, ga su nan reras. Ya ce a zaɓi waɗanda za a mayar, Yaya ya ce ba shi da lokacin zaɓe, a mayar da duka. To 'yan'uwa, nan ne ƙasa ta ƙi tsagewa in shige. Ashe duk sunan da na ajiye tun da aka ba ni tab ɗin, cikin asusun Yaya yake shiga. Yana bin wayarsa yana dubawa sai na ji ya ce, "Ikon Allah. Ashe wannan Sanyin Idon naki ne? Shekara guda ina ganinsa ina tunanin wane dillali ne na sa wa wannan suna." Mai gyara ya sunkuyar da kai yana danne dariya. Ni kuwa na ja mayafi na rufe har hancina. Amma a nan na san fushinsa ya sauka.

Mai gyaran ya buɗe min nawa adireshin, ya kwashe sunayen da nake so ya zuba a ciki, sannan ya cire na Yaya daga tab ɗin. Ya nuna min cewa cire adireshin mutum daga waya daban, share sunayensa daban: in kin cire adireshin, sunayen sun bar wayarki kawai, suna nan lafiya a wurin mai su. Abin da ya kamata in yi ke nan tun farko, aikin minti biyu. Ya kuma nuna min inda ake haɗe suna ɗaya da ya fito sau da yawa ya zama guda, ba sai an bi ana sharewa ba. Ya ce in rubuta kalmar sirrin a takarda in ɓoye, kada in bar wa mai shago ko saurayi, wanda shi ne abin da yawancinmu muke yi, mu miƙa waya mu ce "buɗe min", mu tafi ba mu san me aka sa ba.

Wani kuskuren kuma da kaina na gano shi. Share suna ba ya hana mai sunan kira. Ana saura kwana 10 biki, muna zaune da ƙanwar angon ta kawo min ɗinki, sai ga kira da lambar da ba suna. Na ɗauka da sallamata, sai na ji muryar Mai Naci. Da sunansa na nan ai da ban ɗauka ba! Na yi ta in-ina ina cewa ba a ji, na kashe, yarinyar nan tana kallona ta wutsiyar ido. Wanda ba kya son ya same ki, ki fara toshe lambarsa tukuna, a wurin kira daban, a WhatsApp ma daban, sannan ki share. Kuma hirar da kuka yi a WhatsApp ba ta bin sunan ta tafi, tana nan da hotunanta da muryoyinta sai kin shiga kin goge ta da kanki.

Saura sunan Inna.

Inna ba ta taɓa riƙe babbar waya ba. 'Yar ƙarama ce mai tocila, Baba ya saya mata, tana ƙulle ta a bakin zani. Ba ta iya karanta suna ba, amma ta haddace ƙarshen lambar kowannenmu. Bayan rasuwarta wayar ta shiga hannun yara ta lalace, layin ma ba wanda ya san inda ya faɗa. Ni kuwa ban daina kiran lambar ba. Duk ranar da abin duniya ya ishe ni, sai in shige ɗaki in danna "Inna", in ji an ce wayar a kashe take, in yi kukana in share hawaye. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Wani irin sauƙi nake ji, kamar dai tana wani gari ne da babu caji.

Daren da za a sa ni a lalle, gida ya cika da 'yan'uwa, kowacce da uwarta tana ta hidima, Gwaggo ce take tsaye a kaina. Na zame na shiga bayan rumbu na danna sunan. Sai na ji tana ringin. Wallahi numfashina sai da ya tsaya. Kafin in kashe aka ɗauka, muryar wani saurayi, ga ƙarar babura a bayansa, yana cewa, "Alo? Wa ke magana? Alo?" Na kasa cewa uffan. Ya ja tsaki ya kashe.

Na buɗe WhatsApp hannuna na karkarwa, na nemi sunan. Ga shi nan, "Inna", matar da ba ta taɓa sanin mene ne WhatsApp ba, da hoton wani yaro ya sa baƙin gilashi ya jingina da babur. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi irinsa ba tun ranar da aka fita da ita.

Daga baya Yaya ya yi min bayani. Lambar waya ba mallakar mutum ba ce har abada, aro ce. Layin da aka daɗe ba a kira da shi ba, ba a sa masa kati ba, kamfani yakan karɓe ya sayar wa wani. Tun da gwamnati ta ce a haɗa kowane layi da lambar katin ɗan ƙasa a watan Disambar 2020, layukan da aka rufe sun ƙaru, musamman a 2024. Yaron bai yi laifin komai ba, saya ya yi da kuɗinsa. Amma Yaya ya ja hankalina ga abin da ban yi tunani ba. Na saita hotona na WhatsApp a kan waɗanda ke cikin sunayena kaɗai su gani, ga shi kuwa yaron yana cikinsu da sunan mahaifiyata, kuma na kira shi ya ga lambata. In ya ajiye ta, zai ga hotona, har da abin da nake ɗorawa a sitatus, hotunan lallena da na kamu duka. Ya ce haka mutane suke barin tsohon layin da banki ke turo musu saƙo a kai, wani can ya riƙa ganin shige da ficen kuɗinsu.

Duk da haka sai da na yi kwana 5 a gidan mijina ban iya taɓa sunan ba. Ranar da Baba ya zo ganin ɗaki, bayan mutane sun ragu na gaya masa, ina tsoron ya yi min faɗa a kan kiran da nake yi. Bai yi ba. Ya yi shiru yana kallon ƙasa, sannan ya karanto min lambar tun daga farko har ƙarshe da ka, bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Ni na saya mata layin a Gaya. Uwata, ba a can take ba. In kin tuna ta ki yi mata addu'a, ita ce ke isa."

Da ya tafi na yago takarda daga tsohon littafina na makaranta na rubuta lambar, na naɗe na sa cikin zanin saƙin Inna da Gwaggo ta sako min a ƙasan akwati. Na ɗauko tab ɗin na danna sunan. Ta tambaye ni ko na tabbata. Na daɗe ina kallon tambayar har hasken allon ya dushe, na sake taɓa shi ya kawo, na karanta mata Ƙulhuwallahu ƙafa uku, sannan na danna.