Makon Farko A Gaban Matsefin Haske

A shekarar 1835 wani shaihin malami na ƙasar Faransa, Auguste Comte, ya rubuta cewa ɗan Adam yana iya auna nisan taurari da tafiyarsu, amma har abada ba zai san abin da aka yi su da shi ba. Da jin maganar ka ce gaskiya ce. Wa zai hau sama ya gutsuro tauraro ya kawo a gwada? Ashe tun kafin ya faɗi haka an riga an kama bakin zaren. A 1814 wani gwanin aikin gilashi na Jamus, Joseph Fraunhofer, ya tsefe hasken rana har ya bazu launi-launi kamar bakan gizo, ya ga waɗansu baƙaƙen layuka sun ratsa launukan, ya ƙirga fiye da 500. Har ya rasu bai san ma'anarsu ba. Sai a 1859, bayan mutuwar Comte da shekara 2, Kirchhoff da Bunsen suka gane cewa kowane sinadari yana da layukansa, kamar yadda a kan san asalin mutum da tsagen fuskarsa. Duk wanda ya taɓa watsa gishiri a wuta, ya ga harshenta ya koma rawaya, ya riga ya ga wannan da idonsa: sinadarin sodiyam da ke cikin gishirin ne ya bayyana kansa.

Na'urar da ke wannan aiki ita ce za a kira matsefin haske. A kan ɗaura ta a gindin babban madubin hangen taurari. Madubi ya tattaro haske, ya zuba shi ta wata 'yar tsaga wadda faɗinta bai fi na 'yan silin gashi ba. Daga nan hasken ya faɗa kan wani faifai mai tsage, wanda aka ja wa layi 300 ko har 1,200 a cikin milimita guda, ya tsefe shi, sa'an nan idon na'ura ya ɗauki hoton abin da ya fito.

A Afirka ta Kudu, kan wani tudu kusa da ƙauyen Sutherland, cikin busasshiyar ƙasar Karu, akwai irin wannan madubi mai faɗin mita 1.9. Tsoho ne, ya fara aiki a Piritoriya a 1948, aka ƙaurar da shi a cikin shekarun 1970 domin fitilun birni sun dame masa sama. Ba shi ne babba a tudun ba, gama tun 2005 akwai wani ƙato a gefensa mai suna SALT, wanda aka haɗa da madubai 91. Amma ƙaton ba a ba baƙo linzaminsa. Tsohon nan shi ne makarantar sababbin shiga.

Wani ɗalibi ya sami mako guda a kansa, a tsakiyar hunturun ƙasar, watau watan Yuli, lokacin da dare ya fi tsawo, sanyi kuwa har ruwa ya kan daskare. Bukatarsa ita ce ya auna tafiyar wani tauraro da ake zaton yana da abokin zagaye wanda ba a gani. Dare 7 ke nan, kuma a kansu takardar digirinsa ta rataya. In hadari ya cinye su, ko shi ya ɓata su da hannunsa, sai ya sake neman izini ya jira watanni.

Ya zo da zaton zai kwana yana leƙen sama. Ina! Aka kai shi wani ɗaki mai ɗumi, aka zaunar da shi gaban kwamfuta. Malaman da, su kam sun sha wuya, a tsaye su kan kwana cikin duhu da sanyi, ido a kan 'yar tsaga, hannu a kan maɓalli, har faifan hoto ya ƙoshi. Yanzu manhaja ce ke riƙe da kome. Allon ya cika da akwatuna da lambobi, wannan na faɗin tsaga, wannan na kusurwar faifai mai tsage, wannan na fitilu, wancan na daƙiƙoƙin da ido zai yi a buɗe. Ɗalibin ya duba, gabansa ya faɗi.

Malamar da ta rako shi ta ce, "Kada yawansu ya tsorata ka. Abu guda za ka riƙa tambayar kanka kafin ka danna kome: yanzu hasken nan daga ina ya fito, ina kuma za shi?"

Aikin dare da la'asar a kan fara shi, kubba tana rufe. Da fari sai a duba sanyin idon na'ura, domin irinsa a kan ajiye shi wajen digiri 100 ƙasa da sifiri. In ya yi ɗumi sai ya riƙa ganin hasken da babu shi. Sa'an nan a ɗauki hotunan wofi, ido a rufe, ba a ba shi ko daƙiƙa guda ba. Ɗalibin ya ga wannan kamar wauta, hoton babu! Amma mai awon hatsi da sikeli ai ya kan fara auna buhun da ba kome a cikinsa, don ya cire nauyinsa daga baya. Bayan wannan sai hoton farar fitila, wanda ke tona inda idon ya fi gani da inda ƙura ta zauna.

Na uku shi ne uban tafiyar, watau hoton fitilar awo. Wata 'yar fitila ce mai tagulla da iskar agon a cikinta, wadda aka riga aka san mazaunin kowane layi nata daidai wa daida. Ita ce ma'auni. Hoton tauraro ba tare da ita ba kamar yadi ne da aka yanka ba a gwada da kamu ba.

Dalilin da ya sa abin ya yi tsanani haka shi ne ƙanƙantar abin da ake nema. Kowa ya san yadda ƙahon mota kan yi tsini sa'ad da take tahowa, ya yi kauri in ta wuce. Haske ma haka yake. Tauraron da ke tahowa layukansa su kan gusa wajen shuɗi, mai tafiya kuwa wajen ja. To, haske yana cin kilomita 300,000 a daƙiƙa. Tauraron da ke gudun kilomita 30 a daƙiƙa, gusawar layinsa kashi 1 ce kawai cikin 10,000 na tsawon zangon hasken. Har wa yau ita kanta duniya tana zagaya rana da gudun da ya kai wajen kilomita 30 a daƙiƙa, sai an cire nata kafin a san na tauraron. Don haka manhajar kan rubuta rana da sa'a a jikin kowane hoto. Da irin wannan awo ne Mayor da Queloz, a Faransa a 1995, da madubin da faɗinsa kusan ɗaya ne da na tsohon nan, suka gano duniya ta farko mai zagaya wani tauraro irin rana.

Da magariba ta yi aka buɗe kubba. Ya shigar da lambobin mazaunin tauraronsa, madubi ya juya a hankali. Taurari suka bayyana a allo, ya gwada su da taswirar da ya zo da ita, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, da ƙyar ya gane nasa. A nan ne sababbi su kan yi babbar hasara, gama manhaja ba ta san tauraron da kake nufi ba, wanda ka ɗora a kan tsaga shi za ta auna maka, ba ta ce uffan ba. Ya tura shi kaɗan-kaɗan har tsagar ta haɗiye shi, ya zaɓi wani na kusa ya ba na'ura ta riƙe, don kada juyawar duniya ta zame da madubin. Ya sa daƙiƙa 1,200, ya danna.

Minti 20 suka cika, hoto ya fito baƙi ƙirin. Ya dubi malamar. Ba ta ce kome ba, sai ta nuna allo da haɓa. Ashe ɗan madubin da ke karkato hasken fitilar awo yana nan a kan hanya tun la'asar, ya tare tauraron. Ya janye shi, ya sake. A wannan karo sai ga wani siririn zare fari ya ratsa allon, da 'yan gurabe masu duhu a jikinsa, layukan haidurojin ke nan.

Dare na 3 hadari ya taso daga yamma. Don ya ci lokaci sai ya yi niyyar barin fitilar awo, ya ce ai ya ɗauka da la'asar. Ya ce, "Malama, na ɗazu ba zai isa ba?"

Ta ce, "Ɗazu madubi yana tsaye. Yanzu a kishingiɗe yake."

Gaskiyarta. Matsefin ƙarfe ne mai nauyi, rataye a gindin madubi. Duk sa'ad da madubin ya karkata sai ya ɗan lanƙwashe, lanƙwasar da ido ba ya gani, amma ta isa ta gusar da layuka kamar yadda tafiyar tauraro ke gusar da su. Wanda bai ɗauki fitilar awo a nan inda madubi yake ba, yana iya auna lanƙwasar ƙarfe ya buga a takarda ya ce tauraro ne. Ya ɗauka, kafin hoton da bayansa. Bai daɗe ba raɓa ta yi yawa, aka rufe kubba don kada ta sauka a kan madubi.

Dare 2 suka tafi a hadari. Daga na 4 malamar ta bar shi shi kaɗai, sai littafin da yake rubuta lambar kowane hoto da halin da sama ke ciki. Ran na 7, da asuba, ya rufe kubba, ya mai da madubi mazauninsa, ya kashe fitilu, ya kwashe hotunansa wuri 2. Kafin ya kwanta ya jera na daren farko da na daren ƙarshe a allo, ya daidaita su da layukan fitilar awo. Layukan fitila suka hau kan juna daram. Na haidurojin kuwa bai hau ba, ya ɗan gusa wajen ja.