Ciwon Da Ya Ɓoye Mini Shekara 2

Masu karatu ku yi mini afuwa, wannan makon ba ku ga ci gaban labarinmu ba. Wani al'amari ne na cikin gidana ya ɗauke mini hankali, na ga gara in ba ku shi yadda yake.

Ɗana na fari (kun san ba a faɗar suna) tun yana shekara 9 ƙwallo ta shiga ransa. Safe fili, yamma fili. Yanzu shekararsa 19, ba shi da burin da ya wuce saka rigar Kano Pillars. Ni kuwa ina can ina ƙirƙiro wa 'ya'yan mutane matsala a littafi, ban ga ta gabana ba.

Ƙanwarsa ce ta tona asiri. Ta ce, "Umma, kin lura Yaya ba ya iya tsugunno?" Da na titsiye shi sai ya sunkuyar da kai, ya dafe gefen kwatangwalonsa. Wai shekara 2 ke nan yana jin kamar an datse shi a matsematsi, musamman in ya yi bugu mai ƙarfi, ko ya daɗe a zaune cikin A Daidaita Sahu. Ya ɓoye ne don kada koci ya ajiye shi a benci.

Ba zan yi muku ƙarya ba, sammu ne ya fara faɗo mini a rai, abin da na sha rubutawa. Kakarsa ta ce sanyin ƙashi ne. Mai ɗori ya murza, ya shafa, ya karɓi nasa, ciwo yana nan daram.

Sai da muka je asibitin ƙashi aka yi hoto. Likitan ya ɗaga shi ya ce, "Hajiya, duba nan." Kan ƙashin cinya dunƙulalle ne, yana juyawa cikin wani gurbi mai kama da ƙoƙo. To a nasa, wani ɗan tudu ya fito daidai inda kan ya haɗu da wuyan ƙashin. In ya ɗago gwiwa sama ya karkata ta ciki, sai tudun ya daki bakin ƙoƙon ya matse guringuntsi. Ya ce irin wannan tudun yakan fito ne daga wajen shekara 12 har ƙashi ya gama girma, kuma an fi ganinsa ga yara maza masu yawan buga ƙwallo. Nan jikina ya yi sanyi, don shekarun ne nake ba shi kuɗin takalmi don kawai ya bar ni in yi rubutu.

Amma ya ce kada hoton ya firgita ni. 'Yan ƙwallo da yawa suna da tudun, ba su taɓa jin komai ba. Shi ya sa a 2016 masana da suka taru a Warwick ta Ingila suka amince hoto kaɗai ba ya yanke hukunci, sai an haɗa da ciwon da mutum yake ji da gwajin hannun likita. Sau da yawa ma ciwon matsematsin 'yan ƙwallo daga naman cikin cinya yake tasowa. Shi dai nasa, da likita ya lanƙwasa ƙafar ya juya ta ciki, sai da ya yi ƙara.

Ban ji daɗi ba da ya ce babban tudu yakan ƙara haɗarin zaizayewar gaɓar in an manyanta. Tiyata kuwa ya ce ba yanzu ba, a fara da wata 3 na atisayen ƙarfafa cinya da ɗuwawu a ɓangaren gashi, a rage wasa.

Abbansu ya riga ya yanke nasa, wai ya bi shi shago a Kantin Kwari a huta. Yaron bai ce uffan ba. Jiya da asuba na leƙa tsakar gida, na same shi kwance ta gefe, ƙafa ɗaya a kan benci, yana ƙirga atisayensa a hankali don kada ya tashe mu. Har yanzu ban gaya wa Abbansu ɓangaren da nake ba.

Babi na gaba sai ranar Asabar in Allah ya kai mu.