Hanta Mai Kwashe Tsami, Mai Zuba Tsami

Ashe sinadarin da ke sa nono tsami, wanda Carl Scheele na ƙasar Suwidin ya fara tacewa daga madara a 1780, yana yawo cikin jinina yanzu haka! Laktik asid ke nan, a jini kuma laktet. Tun da na kama bin diddiginsa na kasa ajiye littafi, domin duk hanyar da na bi sai ta ɓulla a hanta.

Jajayen ƙwayoyin jini dare da rana suna fasa gulukos suna zubar da laktet, tsoka ma haka idan gudu ya yi gudu. Hanta ce ke kwashewa, ta mayar da shi gulukos, ta sake turawa cikin jini. Carl da Gerty Cori, mata da miji, su suka bayyana wannan zagaye a 1929, suka karɓi lambar Nobel a 1947. Dubi lissafin: tsoka ta ci ribar ATP 2, wato kuɗin ƙarfi na jiki, hanta ta biya 6 kafin ta gyara mata!

Amma ga inda na miƙe tsaye. Ita hantar ma tana samar da laktet, gwargwadon abin da aka ɗura mata. Gulukos yana da shinge a hanyarsa, wani enzayim da ke tsayar da shi kamar jami'in kan hanya idan ƙarfi ya wadata. Furuktos kuwa, na zuma da rabin sukarin shayi, ta bayan shingen yake bi. Sai ya kwararo babu mai tarewa, hanta ta cika da payirubet, abin da sukari ke zama idan an fasa shi, wani kaso ya koma laktet ya fita jini. Wannan na cikin dalilan da suka sa likitoci suka guji ƙarin ruwa mai furuktos. Barasa kuma tara wani sinadari mai suna NADH take yi a hanta, ta karkatar da payirubet zuwa laktet, ta hana hanta yin sukari.

Sannan na zo kan zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, jikina ya yi sanyi. Jajayen ƙwayoyin jinin da suka kamu suna toshe ƙananan jijiyoyin jini, laktet ya yawaita, hanta ta kasa kwashewa. Laktet ɗin mai lafiya bai cika wuce milimol 2 a litar jini ba. Idan ya kai 5, Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙirga shi alamar tsanani. Yaron da ke jan numfashi mai zurfi, haƙarƙarinsa na ɗagawa, tsamin jini yake ƙoƙarin ragewa, kuma asibiti yake buƙata nan take.