Kwana Uku Tare da Yahudawan Jarba

A ƙasar Hausa kalmar Bayahude ta daɗe da barin ma'anarta ta asali, ta koma zagi. Marowaci Bayahude ne, maci amana Bayahude ne, har yaron da ya hana abokinsa aron biro a aji sai ka ji an laƙaba masa sunan. Amma in ka tsayar da masu wannan zagi ka tambaye su ko sun taɓa ganin Bayahude ido da ido, ko sun san yadda yake ibadarsa, ko abin da yake ci ranar idinsa, da wuya ka sami mai amsawa. Abin da akasarinmu muka sani bai wuce labarin Falasɗinu da muke ji a rediyo ba, labari ne kuwa mai ƙuna wanda ba mai imanin da zai ji bai girgiza ba. Sai dai mu da ke tsayawa gaban allo muna koyar da 'ya'yan mutane tarihi, nauyi ne a kanmu mu rarrabe musu tsakanin gwamnati da sojojinta, da kuma talakan da ke zaune a unguwarsa yana bautar Ubangijinsa yadda ya gada. Dalilin wannan rubutu ke nan.

Cikin watan Mayu na 2019, wata tafiyar ƙaro ilmi ta kai mu ƙasar Tunisiya, muka kuma sami sararin kwana uku a tsibirin Jarba da ke kudancin ƙasar. Jarba shi ne tsibiri mafi girma a Afirka ta Arewa, ƙasa ce ta dabino da zaitun da fararen gidaje. Ana shiga ta jirgin fito daga yamma, ko kuma ta wata tsohuwar hanya da aka cike teku aka yi tun zamanin Rumawa. Mafi yawan mutanen tsibirin Musulmi ne, Malikawa irinmu da kuma Ibadawa. A tsakiyarsu akwai Yahudawa kimanin 1,000 da ke zaune a unguwanni biyu, watau Hara Kabira, babbar unguwa, kusa da birnin Humt Suk, da Hara Sagira, ƙaramar unguwa, inda shahararriyar majami'arsu mai suna Gariba take.

Waɗannan mutane ba baƙi ba ne a wurin. Larabci suke yi a gida da kasuwa, Ibrananci kuwa na ibada da karatu ne. Bisa ga abin da suka gada daga kakanninsu, malaman ibadarsu ne suka gudo daga Ƙudus bayan Babilawa sun rushe Haikalin Annabi Sulaimanu a shekara ta 586 kafin haihuwar Annabi Isa, suka zo da wani ɓangare na ginin suka sa a harsashin Gariba. Wannan zancen baka ne, ginin da ke tsaye yanzu kuma na ƙarshen ƙarni na 19 ne. Amma ko masu bincike sun yarda zaman Yahudawa a Jarba ya yi ɗaruruwan shekaru. Akwai kuma wani labarin da suke bayarwa game da sunan, cewa wata yarinya ce baƙuwa ta zauna ita kaɗai a bukka ba wanda ya kula ta, ran nan gobara ta cinye bukkar, aka tarar ta rasu amma wuta ba ta taɓa jikinta ba. Sai mutanen gari suka ji kunyar wofintar da ita da suka yi, suka gina wurin ibada a nan suka kira shi Gariba, watau baƙuwa.

Mun yi katarin zuwa daidai lokacin ziyarar shekara-shekara da ake yi wa wannan majami'a. Domin a fahimci lokacin, sai mun ɗan yi bayanin kalandarsu. Da wata suke lissafi kamar mu, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19, shi ya sa bukukuwansu ba sa zagaya rani da damina kamar yadda azuminmu ke yi. A cikin bazara suke Idin Ƙetarewa, kwana 8, domin tunawa da fitar Banu Isra'ila daga Masar ƙarƙashin jagorancin Annabi Musa. A kwanakin nan ba a cin gurasa mai yisti, ba a ma barin ɓurɓushinta a gida, saboda kakanninsu sun fita da gaggawa ƙullu bai kai ga tashi ba. A daren farko iyali kan zauna kan abinci, ƙaramin yaron gida ya yi tambayoyi huɗu game da abin da ya bambanta wannan dare da sauran darare, manya su amsa masa da labarin Fir'auna tun daga farko. Malamin makaranta duk ya ji wannan dole ya yi sha'awa, domin darasin tarihi ne aka mayar da shi cin abinci, aka kuma sa ɗalibi shi ne mai fara magana.

Daga nan sai su ƙirga kwana 49 zuwa Idin Makonni, ranar tunawa da saukar Attaura. Rana ta 33 a cikin wannan ƙirga ita ce ranar ziyarar Gariba, a shekarar da muka je kuwa ta faɗo a tsakiyar watan Ramadan. Mun shiga da ƙishirwar azumi muka tarar da taro ya cika, mafi yawansu 'yan asalin Tunisiya ne da suka ƙaura zuwa Faransa da Isra'ila, sun dawo ganin gida da 'ya'yansu da jikoki. A bakin ƙofa aka ce mu tuɓe takalma, wanda ba shi da hula ya rufe kai. Wani dattijo da ke tsaron ƙofa ya dubi hularmu ya yi murmushi, ya ce da Larabci: "Malam, kai ka zo da shirinka, bismilla."

Ciki an lulluɓe bango da tangaran shuɗi, ga fitilun mai da kyandirori, tsofaffi na zaune kan benci suna karatu da wani irin rauji wanda in ka rufe ido sai ka ce wata tsangaya ka shiga. A can ƙurya akwai wani ɗan rami a ƙasan bango, inda mata ke durƙusawa su ajiye ƙwai da aka rubuta suna a jikinsa, mai neman miji ko mai neman haihuwa, zafin kyandir ya dafa ƙwan, daga baya a ba mai sunan ta ci. Mu dai a aƙidarmu ba ma roƙo ta wannan hanya, amma fuskar uwar da ke nema wa 'yarta mijin kirki iri ɗaya ce ko'ina. A gidan baƙi da ke fuskantar majami'ar kuwa kiɗa ake yi da waƙoƙin Larabci, ana gwanjon gyale da furanni, kuɗin da aka tara a yi hidimar wurin da su. Gyalen nan ake yafa wa wata doguwar ma'ajiyar fitilu mai ƙafafun tura da suke kira Manara, a yi mata ado kamar amarya, a fito da ita ana guɗa. Da magariba ta yi aka shimfiɗa abincin buɗa-baki, Musulmi da Yahudawa suka zauna tare. Ministan yawon buɗe ido na Tunisiya a lokacin, Rene Tarabulsi, shi kansa Bayahude ne ɗan Jarba.

Amma abin da ya fi tsaya mana a rai ba wannan taro ba ne, domin taro kowa ya iya. Washegari Juma'a, bayan baƙi sun fara watsewa, muka shiga Hara Kabira. Da hantsi unguwa tana ta hada-hada, maƙeran zinariya da azurfa, wadda ita ce babbar sana'ar mazansu, sun tafi shagunansu a kasuwar Humt Suk, yara na dawowa daga makarantar Attaura. A jikin gidaje an zana kifi da tafin hannu da shuɗin fenti. Da la'asar sai muka ga yara ɗauke da tukwane an nufi gidan burodi, inda za a sa abincin gobe ya kwana a tanda, saboda daga faɗuwar ranar Juma'a har fitowar taurari ranar Asabar ba a kunna wuta, ba a ciniki, ba a taɓa kuɗi, ba a hawa mota. Gab da faɗuwar rana aka busa ƙahon rago, nan take shaguna suka rufe, babura suka yi shiru, maza suka fito da fararen kaya suka nufi majami'un unguwa, waɗanda sun kai goma. Ba ɗan doka ba dogari, unguwa guda ta ajiye neman duniya domin an ce mata lokaci ya yi.

A nan muka gane cewa addininsu ba ya tsayuwa sai da jama'a. Akwai addu'o'in da ba a yin su sai an sami maza baligai 10. Naman da za su ci sai mahaucin da ya san ƙa'idar yankansu, ba sa cin alade, ba sa cin jini, ba sa haɗa nama da nono. Yaro ana yi masa kaciya a rana ta 8. Tun da ba a hawa abin hawa ranar Asabar, dole gidanka ya kasance inda ƙafa za ta kai ka wurin ibada. Ashe zaman unguwa ɗaya da suke yi, wanda wani zai ɗauka ƙyamar mutane ce, addinin ne ya tilasta shi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sauran bukukuwansu ba mu gani da ido ba, amma duk hanya ɗaya suka bi. Cikin kaka suke sabuwar shekara, a busa ƙahon rago domin tunawa da ragon Annabi Ibrahim, ko da yake su Annabi Ishaƙu suke cewa aka fansa, mu kuwa Annabi Isma'ila. A rana ta 10 ga watan sai Ranar Kafara, azumin sa'a 25 ba ci ba sha, sun kuma ce ba a yafe hakkin mutum a wannan rana sai ka je ka nemi gafararsa da bakinka. Bayan kwana 5 sai Idin Bukkoki, kowane gida ya kafa rumfa a riƙa cin abinci a ciki har mako guda, domin tunawa da shekara 40 da aka yi a hamada. A ƙarshen hunturu kuma akwai Furim, ranar da wajibi ne a aika wa maƙwabci abinci a kuma ba matalauta sadaka. Mai karatu zai tuna ya zo a ingantaccen hadisi cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura saboda tsirar Annabi Musa daga Fir'auna, ya azumci ranar ya kuma yi umurni da a azumce ta. Saɓaninmu da su a aƙida babba ne, ba kuma abin ɓoyewa ba ne, amma ba daga wata duniya suka faɗo ba.

To, kada a ɗauka zaman nasu duk zuma ne. A 1943 sojojin Jamus da suka mamaye Tunisiya sun tilasta musu tara zinariya kilo 50. A 1948 Yahudawan Tunisiya sun kai kimanin 100,000, amma kafuwar Isra'ila, da tafiyar Faransawa a 1956, da tarzomar da ta biyo bayan yaƙin 1967, suka kwashe su kashi-kashi har saura ba su fi 1,500 ba. Ranar 11 ga Afrilu 2002 wani ɗan Alƙa'ida ya tayar da motar iskar gas a jikin Gariba, mutum kusan 20 suka mutu, 14 daga cikinsu Jamusawa 'yan yawon buɗe ido. Ranar 9 ga Mayu 2023 kuma, a ƙarshen ziyara, wani jami'in tsaro ya buɗe wuta ya kashe mutum 5, Yahudawa biyu 'yan'uwan juna da jami'an tsaro uku, abokan aikinsa ne kuwa suka harbe shi kafin ya kai ga ƙofa. A 2024, ana cikin yaƙin Gaza, an taƙaita bikin ƙwarai, ba kiɗa ba zagayawa da Manara. Duk abin da ya faru a Gabas ta Tsakiya, maƙerin zinariya na Hara Kabira ne ke kwana da fargaba, alhali shi da kakanninsa ba su taɓa barin Jarba ba.

Wannan tambaya, ta yadda za a zauna da irin waɗannan mutane, ta taɓa iso mu ta wata hanya. Shehu Magili, wanda ya zo Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ya rubuta masa littafi kan sha'anin mulki, kafin zuwansa shi ne ya jagoranci rushe majami'ar Yahudawan Tamantit a yankin Tuwat, wajen 1492. Alƙalin Tuwat na lokacin, Abdullahi al-Asnuni, ya saɓa masa, yana ganin mutanen suna da alkawarin amana wanda bai halatta a warware ba, aka aika wa malaman Fas da Tilimsan da Tunis neman fatawa, su ma suka rabu biyu. Sunan Magili kowane ɗalibin tarihi a ƙasar nan ya san shi, ya kuma cancanci a san shi. Na alƙalin ne ba a koya wa yaranmu, alhali shi ma malamin Malikiyya ne, da hujjojinsa. Yahudawan Tuwat sun watse tun a wancan zamani, na Jarba kuwa suna nan, saboda tsawon ƙarnoni an sami masu mulki da maƙwabta da suka riƙe amanarsu.

Hausawa kan ce wake ɗaya shi ke ɓata gari. Gaskiya ne a wajen girki, amma Alƙur'ani ya koya mana cewa ba mai ɗaukar laifin wani. Muna iya tsayawa tare da Falasɗinawa iyakar ƙarfinmu ba tare da mun mayar da sunan al'umma guda zagi a bakin 'ya'yanmu ba. Yaron da ya saba zagin mutanen da bai taɓa gani ba, ba zai sha wahalar zagin waɗanda yake gani kullum ba, ƙasarmu kuwa cike take da unguwannin da 'yan tsiraru ke kwana a tsakiyar masu rinjaye, wani wuri su, wani wuri mu. Allah ya ba mu ikon riƙe amanar maƙwabci, ya kuma kawo ƙarshen zubar da jinin bayinsa a duk inda suke. Amin.