Cheptegei da fitilun gefen fili

Akwai wata damuwa da masu tseren dogon zango suke fama da ita wadda ɗan kallo ba ya gani, wato sanin gwargwadon saurin da jiki zai iya ɗauka daga fari har ƙarshe. Wanda ya yi sanyin ƙafa da farko, abokan tsere su bar shi a baya. Wanda kuwa ya zube ƙarfinsa da wuri, jikinsa ne zai yashe shi a hanya. Joshua Cheptegei, ɗan ƙasar Yuganda da aka haifa a 1996 a yankin Kapchorwa, kan gangaren Dutsen Elgon, ya koyi wannan karatu a gaban mutanen ƙasarsa.

Ranar 26 ga Maris 2017 aka yi gasar duniya ta tseren ratsa daji a filin Kololo da ke Kampala. Cheptegei ya fita gaba, ya ba sauran rata mai tsawo, jama'a suna ta sowa. Da aka kusa ƙarshe sai ƙafafunsa suka ƙi. Ya riƙa tangaɗi kamar zai kife, Geoffrey Kamworor na Kenya ya wuce shi, wasu suka bi, har ya ƙare a matsayi na 30. Sauri ya haifi nawa, in ji Bahaushe. Abin da ya fi dacewa a tuna shi ne bai fita daga fili ba, ya ja jikinsa har layin ƙarshe. Bayan shekara biyu, a Aarhus ta ƙasar Denmak, shi ya lashe wannan gasa.

Tun da daɗewa ana taimaka wa masu neman kafa tarihi da wasu ƴan tsere da ake ɗauka don su ja gaba, su daidaita sauri, sa'an nan su janye a tsakiya. Faransawa suna kiran irin waɗannan da zomo, kuma sunan ya dace. Amma zomo ɗan Adam ne: yakan zarce, yakan gaza, kuma ba ya kaiwa inda ake tsananin buƙatarsa. Wannan giɓi ne na'urar Wavelight ta zo cikewa. Ƙananan fitilu ne da ake jerawa a gefen ciki na da'irar fili mai mita 400, suna kunnuwa ɗaya bayan ɗaya daidai da saurin da aka tsara musu. Mai gudu ba ya buƙatar lissafi. Ya dubi gefen ƙafarsa kawai ya san ko yana gaba ko yana baya.

Da waɗannan fitilu Cheptegei ya yi mita 5,000 cikin minti 12 da daƙiƙa 35.36 a Monako ranar 14 ga Agusta 2020, kusan daƙiƙa 60 da rabi ke nan a kowane zagaye. Ranar 7 ga Oktoba, a Balensiya ta ƙasar Sifen, ya yi mita 10,000 cikin minti 26 da daƙiƙa 11. Duka biyun tarihin Kenenisa Bekele na Habasha ya rushe, na 2004 da na 2005. Wani abu mai ban dariya a Monako: yana ƙetare layi sai ya kai hannu ya tsayar da agogonsa, kamar mai atisayen safe, alhali na'urorin fili duka suna auna shi.

An yi ta ƙorafi cewa Bekele bai sami irin wannan gata ba, kuma ƙorafin yana da tushe, domin daidaiton zagaye yana rage ɓarnar ƙarfi ƙwarai. Sai dai masu cewa fitila ce ta yi gudun sun wuce gona da iri. Fitila ba ta jin ƙishi, ba ta san ciwon gwiwa ba, ba ta kuma tsayawa ta jira kowa. Tana faɗin saurin da ake so ne kurum. Ko jiki zai biya wannan bashi, an riga an yanke hukuncinsa a hanyoyin ƙasa na Kapchorwa, inda yake atisaye a ƙarƙashin mai horar da shi, Addy Ruiter ɗan ƙasar Holan.

Jikin kuwa ya sha neman haƙƙinsa. A 2022 ya ci zinaren duniya na mita 10,000 a Eugene ta Amurka, amma ciwo ya hana shi zuwa wasannin ƙasashe rainon Ingila a Birmingham. A 2023 ya sake cin zinaren a Budapest, karo na uku a jere, sai ciwon ƙafa ya sa ya janye daga mita 5,000. A Disamba na wannan shekara ya gwada gudun famfalaki karo na farko, a Balensiyar da ta ɗaukaka shi. Ya bi sahun gaba har rabin hanya, daga nan ƙarfi ya ƙare, ya zo na 37 cikin awa 2 da minti 8 da daƙiƙa 59. Zomaye suna nan, agogo yana hannu, babu ɗayansu da ya iya gaya masa abin da kilomita 42 za su nema daga ƙafar da ba ta daɗe da warkewa ba.

A gasar Olamfik ba a kunna fitilu. A Paris, cikin Agusta 2024, ƴan Habasha suka riƙa karɓa-karɓar jan gaba da sauri mai tsanani a tseren mita 10,000. Cheptegei ya lafe a cikin ayari, bai kula su ba, sai da ya rage zagaye ɗaya da ƴan kai sa'an nan ya fito. Ya ci da minti 26 da daƙiƙa 43.14, ya karya tarihin Olamfik da Bekele ya kafa a Beijin a 2008. Bayan wannan ya bayyana cewa zai mayar da hankalinsa ga tseren kan titi.