Kofin da Ba a Nunawa a Gidan Kallo

A ƙarshen Nuwamban 2020, wani malamin firamare a Dutsi ya shiga gidan kallon ƙwallo na unguwarsu, ya tambayi yaron da ke karɓar kuɗi ko za a nuna wasan Kano Pillars da Jaraaf ta Senegal. Yaron ya rusuna ya ce, "Malam, ai wannan kofin 'yan rakiya ne, wa zai biya ya kalla?" A allon da aka jingina a bakin ƙofa, wasannin Ingila ne kaɗai aka rubuta da alli. Malam ya koma gida, yana duba waya har sakamako ya fito: an ci Pillars 3 da 1. Wasan gida ya tashi babu ci, tafiyar ta ƙare tun a zagayen share fage.

Gasar da yaron ya raina ita ce Kofin Confederation, wadda hukumar ƙwallon Afirka ta kafa a 2004 bayan ta haɗe tsofaffin kofuna biyu. Ƙanwa ce ga Gasar Zakarun Afirka, kamar yadda Europa take a Turai, kuma har yau babu ƙungiyar Najeriya da ta taɓa ɗaukar ta. Dolphins ta Fatakwal ce ta fi matsawa kusa, ta kai wasan ƙarshe a 2005, FAR Rabat ta doke ta. Ke nan abin da ake kira na 'yan rakiya, hannun namu bai kai gare shi ba tukuna.

Malam na cikin waɗanda suka tuna 2009, shekarar da Pillars ta fitar da Al Ahly, mai riƙe da kambu, daga babbar gasar, bayan kunnen doki 2 da 2 a Alƙahira. Bisa tsarin wancan lokaci, ƙaramin kofin nan Al Ahly ta gangaro. Shi ya sa faɗuwar 2020 ta yi masa ciwo, ko da yake bai ɗora laifin a kan 'yan wasa ba. Annobar korona ta tsayar da gasar cikin gida tun Maris, ba a dawo ba sai ƙarshen Disamba. Tikitin ma na kofin ƙalubalen 2019 ne, wanda suka ci a Kaduna. An tura ƙungiyar da ta yi wata takwas ba ta buga wasan gasa ba. Tun ran gini ran zane.

Sai ya ƙi ajiye gasar. Ya bi Jaraaf har ta jagoranci rukunin da ke da Sfaxien da Étoile du Sahel, manyan Tunisiya, abin da ya ɗan rage masa raɗaɗi: ashe ba kanwar lasa ba ce ta fitar da su. Ya ga Enyimba ta faɗi hannun Pyramids ta Masar. Daga nan zuciyarsa ta koma Garwa, garin da ɗan Daura zai shiga kasuwa ya yi ciniki da Hausa ba tare da tafinta ba, domin Coton Sport ce ta fitar da Jaraaf, ta kai wasan kusa da na ƙarshe. Ƙungiyar kamfanin auduga ce daga garin da bai kama ƙafar Kano ba, amma hanyoyin Afirka ba baƙi ba ne gare ta.

Ranar 10 ga Yulin 2021 Raja Casablanca ta doke JS Kabylie 2 da 1 a Kwatano, ta ɗauki kofin. Washegari gidan kallo ya cika maƙil, ana wasan ƙarshe na Turai tsakanin Italiya da Ingila. Malam ya biya kuɗinsa ya zauna a bencin baya. Da aka tafi hutun rabin lokaci ya tambayi ɗalibansa biyu da ke gefensa wa ya ci kofin jiya, suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Wane kofi, Malam?"